An sa ni a kwamitin ba gundumar makarantu shawara: yaya za mu yi a ji maganarmu?

Tambaya: Ina zaune a Amurka, yarana uku suna makarantun gwamnati. Hukumar gundumarmu ta kafa kwamitin iyaye da mutanen gari don su ba ta shawara kan gyaran makarantu, kuma an sa sunana. Mun yi zama biyu, duk jami'ai ne suke haska mana bayanai a allo, mu saurara, mu watse. Me za mu yi don kada mu zama kwamitin jeka-na-yi-ka?

Amsa: Malama, abin da kika gani a zaman nan biyu shi ne yadda yawancin irin waɗannan kwamitoci suke farawa, da yawa kuma a haka suke ƙarewa. Ba dole ne a ce da mugun nufi ake yi ba. Jami'in da aka ce ya shirya taro, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya cika awa biyun da bayani, don bayani ba ya jawo gardama. Idan ku 'yan kwamitin ba ku zo da naku tsarin ba, nasa za a bi har shekara ta ƙare.

Ki fara da sanin inda iko yake. A Amurka akwai gundumomin makarantu kimanin 13,000, kowace da hukumarta, galibi mutum biyar, bakwai ko tara da jama'a suka zaɓa, ko da yake a wasu birane irin su Boston magajin gari ne ke naɗa su. Wannan hukuma ita ke ɗaukar babban jami'in gunduma, wato sufuritanda, ita ke amincewa da kasafin kuɗi, ita ke kafa dokokin makarantu. Ku ba ku da ƙuri'a a nan. Abubuwa uku ne kawai a hannunku: lokacin da kuka kawo magana, hujjar da kuka ɗora ta a kai, da kuma ko za ku iya sa a ba ku amsa a rubuce. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, a kan waɗannan ukun yake.

Kafin zama na gaba, ki nemi takardar da ta kafa ku. Ko dai ƙudurin hukuma ne, ko wata dokar jiha, ko wasiƙar sufuritanda kawai. Bambancin yana da girma. Akwai majalisun da doka ta ba su haƙora: a Shikago, tun dokar gyaran makarantu ta 1988, majalisar kowace makaranta, mai iyaye shida da mutanen unguwa biyu da malamai biyu da sauransu, ita ke zaɓen shugaban makaranta ta ba shi kwantiragin shekara huɗu, ta kuma amince da kasafin makarantar. Akwai waɗanda shawara kawai suke bayarwa amma doka ta ce sai an saurare su: a Kalifoniya, tun tsarin rabon kuɗin makarantu na 2013, dole sufuritanda ya gabatar da shirin gunduma na shekara uku ga kwamitin iyaye, kuma dole ya amsa abin da suka ce a rubuce. Sai kuma na uku, wanda ya fi yawa, kwamitin da aka kafa don ra'ayi kawai, wanda aka ga dama a rushe shi gobe. Idan a cikin na ukun kuke, buƙatarku ta farko ga hukuma ita ce ta rubuta muku abu huɗu: tambayar da take so ku amsa, ranar da take son amsar, wanda za ku miƙa wa, da alkawarin cewa cikin kwana 30 ko 45 za a mayar muku da martani kan kowace shawara, an karɓa, an ƙi, ko an jingine, tare da dalili. Hukumar da ta ƙi rubuta wannan ta riga ta gaya muku matsayinku.

Ki duba kuma su wa ke zaune a teburin. Idan ma'aikatan gunduma sun fi iyaye yawa, ko shugaban kwamitin jami'i ne, da wuya a faɗi abin da zai ɓata wa ofis rai, don ba mai son ya soki maigidansa a gaban jama'a. Dalilin da ya sa ke nan dokar Fulorida ta ce yawancin 'yan majalisar shawara ta makaranta su zama ba ma'aikatan gundumar ba. Mutum 12 zuwa 20 sun isa. Ƙasa da haka wasu unguwanni za su rasa wakili, sama da haka kuma kowa zai yi magana minti biyu lokaci ya ƙare. Shugabanci ya zama na ɗaya daga cikinku, shi ko ita ke tsara ajanda tare da jami'in, kuma ku ce a riƙa turo bayanan mako guda kafin zama don a karanta a gida. Bayanin jami'ai kada ya wuce minti 20 cikin awa biyu.

Yanzu ga abin da ya fi kashe shawara: zuwa a makare. A yawancin jihohi shekarar kuɗin gunduma tana farawa ne ranar 1 ga Yuli, hukuma kuma tana amincewa da kasafi a watan Mayu ko Yuni. Mutane sai su ɗauka watan Mayu ne lokacin magana, su cika zauren taro, kowa a ba shi minti biyu ko uku. Wannan ihu ne bayan hari. Ana ƙirga ɗalibai tun wajen Oktoba, a yi hasashen yawan na baɗi a Disamba ko Janairu, daga nan a raba wa kowace makaranta adadin malamanta tsakanin Janairu da Maris. A Kalifoniya ma, malamin da ake shirin sallama don ƙarancin kuɗi dole a sanar da shi zuwa 15 ga Maris. To albashi da alawus na ma'aikata su ke cinye kusan kashi 80 cikin 100 na kuɗin gudanar da gunduma, don haka da zarar an raba malamai, bakin alƙalami ya bushe a kan mafi yawan kasafin. Shawarar da ke buƙatar ɗaukar mutum ko canja aikin wani, ta kai teburin sufuritanda kafin hutun Disamba, in an makara sosai ƙarshen Janairu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki roƙi jami'in kuɗi ya ba ku jadawalin kasafin bana, ku jera zamanku daga ranar ƙarshe ku yo baya.

Sai batun kuɗin kansa, don a nan ake yawan rufe bakin iyaye da cewa "babu kuɗi". Kuɗin makarantun gwamnati kusan rabi daga jiha yake zuwa, kusan rabi daga yankin, galibi harajin gidaje da filaye, na gwamnatin tarayya kuwa bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba. Kowane kuɗi da igiyarsa. Wanda aka ranto da takardun lamuni don gini ba a biyan albashin malamai da shi. Na yara masu buƙata ta musamman ba a karkatar da shi. Tambaya biyu za ku riƙa yi kan kowane adadi da aka nuna muku: wannan kuɗi an ɗaure shi ga wani aiki ko sake yake, kuma na sau ɗaya ne ko duk shekara yake zuwa? Tallafin da gwamnatin tarayya ta ba makarantu lokacin annobar korona, kusan dala biliyan 190, na sau ɗaya ne, wa'adin kason ƙarshe ya cika a Satumban 2024, kuma gundumomin da suka ɗauki ma'aikatan dindindin da shi sun sha wahala da ya ƙare.

Ku koyi sa wa shawara farashi da kanku, ko da a ƙiyasce. Ga misali, alƙaluman na ƙirƙira ne don lissafi. A ce gunduma tana da yara 3,000 a ƙananan azuzuwa, 25 a kowane aji, wato aji 120. Iyaye suka ce a rage zuwa 22. Raba 3,000 da 22, aji 137 ke nan, ƙarin malamai 17 da ɗakuna 17. Idan kowane malami, albashi da inshorar lafiya da fansho, yana cin dala 90,000, to dala miliyan ɗaya da rabi da ɗoriya ke nan duk shekara, ba a ma yi maganar inda za a samo ɗakunan ba. Ragin yara uku kacal. Kwamitin da ya yi wannan lissafin zai iya cewa a fara da ajin farko a makarantu huɗu da suka fi rauni a karatu, ƙarin malami huɗu ko biyar, ya kuma nuna abin da za a rage don a biya. Irin wannan ake tattaunawa a kai. Wanda ya ce "a rage cunkoso a azuzuwa" ya yi shiru, gode masa za a yi a wuce.

Akwai ɗan kuɗin da iyaye ke da haƙƙin magana a kansa kai tsaye, kuma da yawa ba su sani ba. A ƙarƙashin dokar ilimi ta gwamnatin tarayya ta 2015, wato ESSA, gundumar da ke karɓar fiye da dala 500,000 daga shirin Title I, wanda ke tallafa wa makarantun 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, dole ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin 100 don jawo iyaye cikin harkar makaranta, kashi 90 na wannan kason ya tafi makarantu, kuma a yi shawara da iyaye kan yadda za a kashe shi. Ki tambaya nawa ne bana, me aka yi da na bara. Sau da yawa daga nan ake biyan tafinta da mai kula da yara lokacin taro.

Game da alƙaluma, ki kiyayi matsakaici. Shi ne mayafin da ake lulluɓe matsala da shi, ko da ba da gangan ba. Za a ce muku halartar makaranta kashi 95 ne cikin 100, kowa ya ji daɗi. Mu duba makaranta mai yara 400. Kashi 95 na nufin yara 20 ba sa zuwa kowace rana, cikin kwana 180 na shekarar karatu fashi 3,600 ke nan. Idan an raba daidai, kowane yaro kwana tara, ba abin tada hankali. Amma ba a raba fashi daidai. Zai yiwu yara 100 kowanne ya yi fashin kwana 20, su kaɗai sun cinye 2,000, sauran 300 suka raba 1,600, kwana biyar-biyar. Ma'aunin da jihohi da yawa suke amfani da shi shi ne, yaron da ya rasa kashi 10 cikin 100 na kwanakin makaranta, wato kwana 18, ya shiga sahun masu fashi mai tsanani, ko da uzuri ko babu. A wannan makarantar mai kashi 95, yaro ɗaya cikin huɗu yana wannan sahu. Saboda haka duk adadin da aka kawo, ku ce a warware muku shi: makaranta makaranta, aji aji, masu koyon Turanci daban, masu buƙata ta musamman daban, 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi daban, kuma na shekara uku zuwa biyar, don shekara ɗaya ba ta nuna alkibla. Alƙaluma biyar sun ishe ku: fashi mai tsanani, karatu a aji uku, yawan waɗanda suka faɗi darasi a aji tara, dakatar da ɗalibai, da yawan malaman da ke barin kowace makaranta. Na ƙarshen nan ana yawan mantawa da shi, alhali makarantar da ke canja kashi ɗaya cikin huɗu na malamanta duk shekara, duk shirin da aka kai mata sai an sake shi daga farko. Dokar ESSA ta kuma wajabta a wallafa abin da ake kashe wa kowane ɗalibi a kowace makaranta, ku jera shi gefe da waɗancan.

Idan aka ce muku ba za a iya bayarwa ba saboda sirrin ɗalibai, dokar FERPA ta 1974 ake nufi. Bayanin yaro guda take karewa, ba ta hana jimilla ba. Abin da ake yi shi ne a ɓoye rukunin da ya yi ƙanƙanta, galibi ƙasa da yara 10, don kada a gane mutum. Ku yarda da wannan, ku karɓi sauran.

Sai jin ta bakin jama'a, wanda shi ne ainihin dalilin kafa ku. Takardar tambayoyi ta intanet ita ce mafi sauƙi, ita ce kuma ta fi yaudara. Masu cika ta su ne masu lokaci, masu Turanci, waɗanda dama suna zuwa taro. Kafin ku karanta amsa ko ɗaya, ku duba su wa suka amsa. Idan cikin amsa 600, 400 daga makarantu biyu suka fito, to ra'ayin makarantu biyu kuka ji. Gyaran shi ne a bi mutane inda suke. Kowane ɗan kwamiti ya ɗauki makaranta ɗaya ko biyu, a yi ƙananan zama na mutum takwas zuwa goma, wasu da safe bayan an sauke yara, wasu da yamma, wasu ranar Asabar, saboda masu aikin dare da masu aiki biyu. A tanadi tafinta na gaske, kada a sa yaro ya fassara wa mahaifiyarsa maganar makarantarsa. Iyayen da Turancinsu bai yi ƙarfi ba suna da haƙƙin a yi musu bayani da harshen da suke ji, a ƙarƙashin dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964, don haka ba alfarma kuke roƙo ba. Kada shugaban makarantar ya zauna a zaman iyayen makarantarsa, haka ma a zaman malamai. Kuma tambayar ta zama ta abin da ya faru: "Yaushe rabon da ki kira makaranta, me ya biyo baya?" ko "Ranar ƙarshe da ɗanka bai je ba, me ya hana shi?" Tambayar "me za a gyara?" jerin buri take haifarwa. Tambayar abin da ya faru kuwa ita ke fito da cewa motar makaranta tana wucewa kafin lokaci a wata unguwa, ko ba mai ɗaga waya a ofis bayan ƙarfe uku. Ɗaliban sakandare da direbobin mota da ma'aikatan ofis su ma a ji su, sun san abin da sufuritanda bai sani ba.

Da kun tattara, za ku tarar da buƙatu talatin. A nan kwamitoci ke zama taron tsintsiya ba shara, don kowa yana son tasa ta shiga rahoto, sai a jera duka. Rahoto mai shawara talatin kyauta ce ga ofis: za su zaɓi biyar da dama suna yi, su ce an aiwatar. Ku tsaya a kan uku, in ya yi yawa biyar. Kowace ta zama shafi guda, da matsalar da adadinta, abin da za a yi, wanda zai yi, kuɗin da inda zai fito, ranar farawa, da adadin da za a duba a ga ko ta yi aiki. "A inganta sadarwa da iyaye" ba wanda zai ƙi, ba kuma wanda zai iya cewa an yi. Amma "daga watan Satumba, duk yaron da ya yi fashin kwana uku cikin wata, a kira iyayensa cikin kwana biyu da harshen gidansu, ofishin kula da ɗalibai ya kawo wa kwamiti adadin kiran duk zango" wannan ana iya bin sawunsa.

Kafin ku miƙa, ku zauna da wanda zai aiwatar ku tambaye shi abin da shawarar za ta taɓa. Batun lokacin shiga makaranta misali ne mai kyau. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2014 cewa kada 'yan sakandare su fara kafin 8:30 na safe, Kalifoniya kuma ta mayar da shi doka a 2019 ga manyan sakandare. Hujjar tana da ƙarfi. Amma gundumomi da yawa mota ɗaya ce ke yin sawu biyu ko uku, ta kai manya ta dawo ta ɗebi ƙanana. Ka jinkirta na manya, ko dai ƙanana su tsaya a bakin titi da duhun safiya, ko a ƙara motoci da direbobi. Wasannin yamma za su matsa, yayyen da ke karɓo ƙannensu ba za su taso da wuri ba, ga yarjejeniyar ƙungiyar malamai da ta ƙayyade awannin aiki, wadda ba a taɓa ta sai lokacin sabunta ta. Kwamitin da ya rubuta waɗannan da hanyar magance su, ya rufe ƙofar da ake bi a ce "za mu duba".

Abu biyu na doka, a taƙaice. Kowace jiha tana da dokar zama a bainar jama'a, kuma a wurare da yawa tana hawa kan kwamitin da hukuma ta kafa da ƙuduri. A Kalifoniya, dokar Brown ta 1953 ta ce a liƙa ajanda awa 72 kafin zama, ta kuma hana mafi yawan mambobi su yanke magana a bayan fage. Ma'ana rukunin WhatsApp ɗin kwamiti, in kuka fara muhawara a ciki, zai iya jawo muku matsala. Ki tambayi lauyan gunduma tun yanzu. Na biyu, kada a kawo ƙarar wani malami da suna ko matsalar ɗan wani a zaman kwamiti. Akwai hanyar ƙorafi daban. Wanda ya zo da nasa ciwon, a saurare shi, sannan a tambaya ko yara nawa ne abin ya shafa.

Ki yi hattara na musamman idan aikin da aka ba ku ya shafi rufe makarantu ko sake shata iyakokin unguwanni. Nan ne aka fi neman 'yan amshin shata, don idan jama'a suka fusata a ce ai kwamitin al'umma ne ya ba da shawara. Rufe makarantu kusan 50 da aka yi a Shikago a 2013 har yau ana jin zafinsa a unguwannin da abin ya shafa. Idan an kawo muku zaɓi uku da aka riga aka dafa, ku tambayi ma'aunin da aka bi, ku nemi a nuna muku kuɗin da rufewar za ta rage bayan an cire na ƙarin motoci da kula da ginin da babu kowa, da kuma ko makarantar da za a mayar da yaran ta fi tasu. In kun kasa haɗa baki, 'yan tsiraru su rubuta nasu ra'ayin a maƙala shi a jikin rahoton.

Rahoton kuwa kada ya tsaya a hannun jami'in da ke kula da ku. Ku nemi a sa shi cikin ajandar zaman hukuma, don a jihohi da yawa hukuma ba ta iya yanke hukunci kan abin da ba ya cikin ajanda, kuma shugabanku ne zai gabatar da bakinsa. Daga nan ku buɗe jadawali mai layi ɗaya ga kowace shawara: ranar miƙawa, amsar da aka bayar, jami'in da aka ɗora wa, inda aka kwana. Minti goma na farkon kowane zama na wannan jadawalin ne, a karanta shi a gaban jami'ai, a sa shi cikin rubutaccen bayanin zama, a kuma aika wa iyayen da kuka tara a makarantu da harsunan da aka yi zaman da su, har da shawarwarin da aka ƙi da dalilin ƙin. Idan kwana 45 suka wuce babu amsa, shugaban kwamiti ya rubuta wa shugaban hukuma, ya sa sufuritanda a kwafi, ya ambaci ranar da aka yi alkawari. Wa'adin mambobi kuma ya zama na shekara biyu, rabi su sauka bana rabi baɗi, don a samu wanda zai miƙa wa sababbi jadawalin ya nuna musu layin da har yanzu ba a cike ba.